Ra'ayinmu: Fentin Ruwa Ma Yana Buƙatar Iska

Duk wanda ya ratsa kasuwannin kan iyaka irin su Ɗan Isa, Jibiya, Birnin Ƙonni da Illela ya san yadda sana'ar rubuta allunan talla da zanen ƙofofin shaguna ta bunƙasa. Yawancin matasan da ke wannan aiki sun koma ga fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, saboda yana saurin bushewa kuma ba ya da ƙarfin wari kamar fentin mai. Mun yi na'am da wannan canji. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganar da wasu masu sayarwa ke yi wa masu saye, wai tunda na ruwa ne ko a ɗakin kwana ana iya aiki da shi.

Gaskiya ne shafa shi da burushi ya fi aiki da tina sauƙi ga huhu nesa ba kusa ba. Amma a yayin da yake bushewa yakan fitar da ɗan tururin amoniya da na magungunan da ake zubawa don kada ya lalace a gwangwani, kuma a shagon langa-langa da aka rufe ruf saboda ƙurar hunturu wannan ya isa ya jawo yajin ido, ciwon kai da tari, musamman ga mai asma. Babban haɗarin yana wajen feshi da gugar busasshen fenti da samfefa, domin a nan ne launin kansa ke zama ƙura ya shiga ƙirji. Wasu ja da rawaya na masu zane suna ɗauke da kadmiyom, ƙarfen da ke taruwa a jiki yana lahanta ƙoda. Takunkumin yadi kuwa, wanda yaran shago ke ɗaurawa su ga kamar sun tsira, ba ya tare tururi.

Sai batun dalma, wadda har yanzu ake samu a wasu fenti na mai. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara akalla 400 suka rasu, ko da yake wancan daga duwatsun zinariya ne. Kamaru ta kafa dokar ƙayyade dalma a fenti tun 2017, amma doka ba ta bin gwangwanin da aka juye a gorar ruwa ana sayarwa ba suna ba bayani.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da su daina ɗura fenti a robobin abin sha, su kuma sayar da shi da takardarsa a jiki. Masu zane su fitar da feshi da guga waje, su buɗe ƙofa da taga in suna shafawa a ciki, su wanke hannu da ruwa da sabulu maimakon fetur kafin cin abinci. Shugabannin kasuwa kuma su hana kwantar da yaran shago a inda aka yi fenti a ranar.