Mai lasifika da "wankin jijiya"

Ranar Asabar na shiga babbar kasuwar Agadas sayen tafarnuwa, sai na tarar da wani ya ɗora lasifika a kan baro yana rantse-rantse: gora ɗaya, jika biyu, za ta "wanke jijiya", ta narkar da mataccen jini, ta kori hawan jini har abada. Mutane na miƙa kuɗi kamar ana rabon zakka.

Wace jijiyar? Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, agara ma jijiya muke ce mata. Cikin wannan duhu mutumin ke farauta. Na shinshina gorar, filasko ne ya yi mata yawa. Filasko kuwa gudawa yake sawa. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, ya tashi jiki sakayau, ya ce dattin jijiya ne ya fita. Ruwan jikinka ne ya fita, malam!

Ba raina itatuwa nake ba. Zoɓo na ɗan sassauta hawan jini, likitoci ma sun yarda. Tafarnuwar lambunan Abzin tana tsinka jini, shi ya sa mai shan asfirin kullum ba ya ɗirkar ta barkatai. Tsofaffin matan dutsen Bagzan da suka gaji magani sai sun taɓa cikinka sun tambaye ka kafin su ba ka ko tazargade. Ba su da lasifika.

Lasifikar nan ita ta fi ƙona mini rai. Daga jijiya sai ya zarce basir, daga basir sai ƙarfin maza, da kalmomin da ba a faɗa gaban suruki, ga yara 'yan talla sun yi da'ira suna dariya. Ko kiran sallar azahar bai sa ya rage murya ba. Annabi (SAW) ya ce mai algus ba ya cikinmu, ya kuma ce kowace cuta da maganinta. Na biyun kaɗai wannan ya haddace.

Gwaggona ta taɓa ajiye ƙwayoyin hawan jininta saboda irin gorar nan. Wata uku ta yi tana yabon ta. Yanzu hannun hagu sai an ɗaga mata, mai gorar kuwa tuni ya tura baronsa Arlit.