Ɗanki Zai Tafi Jinyar Namun Daji A Ƙasar Waje?

 

Tambayar wannan wata ta zo ne daga wata uwa a Ƙaraye. Ɗanta ya gama difloma a fannin lafiyar dabbobi, ya shekara biyu a zaune, sai ya ga talla a waya cewa wani gidan jinyar namun daji a Afirka ta Kudu yana neman 'yan sa kai. Ya matsa a sayar da shanun huɗa biyu a biya masa kuɗin jirgi da na rajista. Mahaifinsa ya ce shirme ne, wa ya taɓa jin an yi jinyar kura? Ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta, domin ba ta son ta tare wa yaro hanyar arziki, ba ta kuma son damina ta same su babu shanu.

'Yar uwa, da farko ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa aikin akwai shi, kuma ba shirme ba ne. Gidajen nan suna karɓar naman dajin da ya ji rauni a tarko, ko wanda aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri, ko jaririn da mafarauta suka kashe uwarsa, su yi jinyarsa har ya iya komawa daji. A Nairobi ta ƙasar Kenya akwai gidan marayun giwaye na gidauniyar Sheldrick, wadda wata mata mai suna Daphne Sheldrick ta kafa a 1977. Matar nan ta yi shekaru 'ya'yan giwa suna mutuwa a hannunta, saboda cikinsu ba ya karɓar maiƙon nonon saniya, kafin ta gano cewa madarar da aka haɗa da man kwakwa ita ce ke zama musu. A gidan, duk bayan awa 3 ake ba jaririn giwa madara, dare da rana, mai kula da shi kuma a ɗaki ɗaya suke kwana, a lulluɓe shi da bargo saboda sanyi. Duk wadda ta yi renon maraya ta san wannan wahala. Daga nan sai a ɗauki shekaru ana saba masa da garken daji a gandun Tsavo kafin a rabu da shi.

Ta fuskar addini ma babu abin ƙi. Muna karantar da yara hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan ta sa kai. Ɗan sa kai ba ma'aikaci ba ne. Babu albashi, babu abin da zai aiko gida. A mafi yawan gidajen nan shi ne ma zai biya kuɗin jirginsa, da biza, da allurar rigakafi, sannan ya biya kuɗin makwanci da abinci na kowane mako, domin da wannan kuɗi gidan yake ciyar da dabbobinsa. An tsara abin ne don 'ya'yan Turawa masu hutun jami'a da guzuri a aljihu. Aikin da za a ba shi kuwa shara ce da kwashe kashi da yanka 'ya'yan itatuwa da wanke kwanuka. Allura da ɗinki na likitocin gidan ne. Bayan mako huɗu ko wata uku ya dawo da takardar yabo da hotuna. Takardar tana iya amfanarsa in zai nemi ƙarin karatu, ban raina ta ba, amma ba ta kai shanun huɗa ba. Izinin shiga ƙasa don sa kai kuma ba izinin neman aiki ba ne. Wanda ya maƙale bayan wa'adinsa ya zama ɗan ɓuya.

Sannan ba kowane gida ne na gaskiya ba. A Afirka ta Kudu ɗin nan an bankaɗo gonakin da ake kiwon zakuna don kasuwa. Sai a raba 'ya'yan da uwarsu suna da 'yan kwanaki, a miƙa wa 'yan sa kai su shayar da kwalba, a ce musu marayu ne za a mayar daji. Ashe idan sun girma sai a sayar wa masu biyan kuɗi su harbe su a cikin shinge, ƙasusuwan kuma a tura Asiya. Wani fim mai suna Blood Lions ya tona wannan asiri a 2015, a 2021 kuma gwamnatin ƙasar ta bayyana niyyarta ta rufe sana'ar. Kin ga yara sun biya kuɗi don tausayi, an yi amfani da su wajen zalunci. Alamar da ba ta ƙarya ita ce hoto: duk gidan da tallarsa ta cika da samari rungume da ɗan zaki, ki yi shakkarsa. Gidan gaskiya yana nesanta naman daji da hannun mutum ne, domin wanda ya saba da mutane ba ya rayuwa a daji. Ki sa yaron ya rubuta musu ya tambayi dabba nawa suka saki bara, kuma a wane daji. Idan kuwa wani dillali ne a nan gida ya ce a zuba kuɗi a asusunsa zai shirya komai, to a tsaya nan, a tuntuɓi hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. In 'ya mace ce abin ya fi nauyi, ga maganar muharrami, ga ɗakunan kwana da galibi a gauraye suke, ga abinci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Turawan da muke son mu bi, su nan suke zuwa. A Kalaba akwai gidan da ake kira Drill Ranch, wanda wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka buɗe a 1991 don wani irin babban biri mai baƙar fuska da ba a samunsa a duniya sai a jihar Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Da 'yan marayun da aka karɓo daga hannun mutane suka fara, har suka zama garkuna a dajin tsaunin Afi. Kuɗin mota kawai ke tsakanin Kano da Kalaba, babu biza. A Nijar kuma, raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun ragu har suka koma 49 a 1996. Ba baƙi ne kaɗai suka tsare su ba, mutanen ƙauyukan ne da ke noma wake a tsakaninsu suka daina kashe su, har suka haura 600, aka ɗebi 8 a 2018 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Yaron da da gaske yake son wannan fanni, ga kwalejin koyon kula da namun daji ta tarayya a Sabuwar Bussa, ga tsangayar likitancin dabbobi a jami'ar Zariya da ta Sakkwato, ga gidan zu na Audu Bako a cikin Kano inda zai iya neman a bar shi ya koyi aiki. In ya jure wata uku yana kwashe kashin kura a Kano, kin san so ne. In ya gudu a mako na biyu, kin san jirgi yake so.

To, kafin mu yi wa Turawa dariya, mu tambayi kanmu daga ina marayun nan suke fitowa. A Disambar 2024 aka kama jaririn gwaggon biri a cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul, daga Nijeriya aka ɗoro shi za a kai Tailan. Ba a raba irin wannan jariri da uwarsa tana raye. Ƙananan irinsa kuwa a gidajenmu suke. A nan Zoza, da zarar an kawar da amfanin gona aka fara farauta da ƙona daji, za ki ga yaro ya shigo da ɗan zomo ko bushiya ko kunkuru, wani da jan biri ɗaure a ƙugu, wani da hazbiya an ɗaura mata zare a ƙafa ana ja har ta mutu. Uwa tana daka tana gani, iyakarta ta ce a fita da shi waje. Alhali Manzon Allah (SAW) da ya ga tsuntsuwa tana shawagi cikin firgici saboda an ɗauke mata 'ya'ya, umarni ya yi a mayar mata. Ni a ajina na kan tambayi yara wa ke da danƙo a aljihu, hannuwan da ke tashi sun fi waɗanda ba su tashi ba.

Idan yaronki ya kawo ɗan tsuntsu, ki sa ya kai ki inda ya tsince shi a mayar cikin sheƙa ko kan reshe kusa. Zancen da ake yi cewa uwar za ta ƙi shi don ta ji warin hannu ba haka ba ne. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shaƙewa. Ɗan zomo ko ɗan gada da aka gani kwance shi kaɗai a ciyawa galibi ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, don haka a bar shi a wurin. Wanda ya ji rauni a sa shi a kwali mai huda, a ajiye a inuwa nesa da yara da kyanwa, a nemi malamin dabbobi. Biri da jemage kuwa kada yaro ya taɓa su ko kaɗan, saboda suna iya ɗauke da ciwon haukan kare. In har an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga ko zai kumbura.