Ajiyar Tsufa a Amurka: Makulli Biyu Kan Akwati Guda

Ajiya maganin wata rana. To, amma ajiya iri-iri ce, wadda mutanen Amurka ke yi domin tsufa kuwa ta isa malamai da attajirai su dube ta.

Tun shekarar 1974 hukumar ƙasar ta yarje wa ma'aikaci ya buɗe asusun tsufa, wanda suke kira IRA, a jinkirta masa haraji bisa abin da ya tara. Waɗansu sukan zuba kuɗin nan cikin takardar ajiya ta banki. Watau mutum ya miƙa kuɗinsa bisa sharaɗin ba zai taɓa su ba sai wa'adi ya cika, ko wata shida ko shekara biyar, banki kuwa ya yanka masa ruwan da zai ba shi.

Aminci ne ke jawo su. Hukumar FDIC, wadda aka kafa a 1933 bayan bankuna sun yi ta karyewa, ta lamunce wa mai irin wannan ajiya har dala 250,000 a kowane bankin da ke ƙarƙashinta.

Amma fa makullin biyu ne. Wanda ya fasa takardar kafin wa'adi, banki zai zaftare masa ruwan. In kuma ya fid da kuɗin daga asusun bai kai shekara 59 da rabi ba, galibi hukuma za ta ci shi tarar kashi 10 cikin ɗari, ban da haraji.

Babbar ɓarna kuwa tsadar kaya ce. Cikin watan Yuni na 2022 farashi ya ɗara na shekarar da ta gabata da kashi 9.1 cikin ɗari. Wanda ya ƙulla takardarsa a 2021, sa'ad da yawancin bankuna ba su ba da ko kashi 1, ya tarar da kuɗinsa cif a ƙirga, amma abincin da za su saya ya ragu. Ashe hukuma adadi take lamuncewa, ba daraja ba.

Ƙarin nan kuma kuɗin ruwa ne, hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne ga malamai. Saboda haka waɗansu Musulmin Amurka suka zaɓi sa hannun jarin kamfanonin da sana'arsu halal ce cikin asusun, a ci riba tare, a faɗi tare.

Mai tanadin tsufa ya auna wa'adi da ranar bukatarsa kafin ya sa hannu. Allah ya sa a dace, amin.