Mai Keke Ita Ta San Hanya

A shekarar 2006 gwamnatin Jihar Bihar ta Indiya ta fara bai wa 'yan mata kuɗin sayen keke domin zuwa sakandare, kuma ƙididdiga ta nuna masu shiga makaranta sun ƙaru. Sai dai lissafi ba ya faɗin kwanar da yarinya take jin tsoro. A 1992 Caroline Wang da Mary Ann Burris sun raba wa matan karkara a Yunnan ta ƙasar Sin kyamarori, suka ɗauki hotunan rayuwarsu, suka yi bayani da bakinsu. A ra'ayinmu haka ya dace a binciki mata masu keke, maimakon baƙo ya zo ya ƙirga su ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.