Mu da Ba Mu da Teku, Me Za Mu Nuna wa Baƙo?

'Yan'uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, kowace shekara akwai ɗaliban Turai da na Amurka da sukan bar jami'o'insu su zo Afirka su yi zango ɗaya ko biyu suna karatu. In ka bi sawunsu za ka tarar da yawa daga cikinsu biranen bakin teku suka nufa, irin su Cape Town a Afirka ta Kudu, Dakar a Senegal, da Cape Coast a Gana. Saboda haka in aka ta da zancen nan a cikinmu, sai ka ji wani ya ce, "To mu ina ruwanmu? Mu da ko kogin kirki ba mu da shi a Garki." Gaskiya ne daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Amma ni ban yarda cewa rashin teku ne ya hana baƙi zuwa wurinmu ba, kuma ga dalilaina.

Bari mu fara duba Cape Coast, tun da yake nan yammacin Afirka take. Ɗalibin da ya sauka a jami'ar garin, wadda aka kafa a 1962, yana da abin yi kowace Asabar. Zai iya zuwa Elmina ya ga sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ya shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Zai iya tsayawa a bakin gaɓa da sassafe ya kalli masunta suna tura jiragensu cikin ruwa. Zai kuma iya shiga mota zuwa gandun dajin Kakum, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, ya hau wata gada ta igiya da katako da aka rataya tsakanin dogayen itatuwa, yana tafe yana kallon kurmi a ƙarƙashin ƙafarsa. A Cape Town kuma akwai dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, wanda tsawonsa ya haura mita 1,000, da tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku.

Yanzu ku lura da abu guda. Teku dai kyauta ce, ba wanda ya haƙa ta. Amma gadar Kakum mutane ne suka ɗaura ta a 1995. Kafin nan kurmi ne kawai kamar sauran kurmi. Keken da ke bin waya yana kai mutane kan dutsen Cape Town mutane ne suka kafa shi a 1929. A Elmina kuwa, in babu mai yi wa baƙo jagora yana ba shi labarin kowane ɗaki, ai tsohon gini kawai zai gani ya wuce. Ashe abin da ke riƙe baƙo shi ne a sami hanyar zuwa wurin, da mutumin da ya san labarin wurin, da masauki mai tsabta, da kwanciyar hankali. Babu ko ɗaya cikin waɗannan huɗun da ke buƙatar ruwan gishiri.

Garki ma shaida ce. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan wannan gunduma. Masana daga ƙasashe daban-daban suka zo, tare da ma'aikatanmu na gida. Suka ƙidaya mutane, suka riƙa ɗibar jini suna dubawa, suka kama sauro dare da rana, suka yi feshi a ɗakuna, suka raba magani gida-gida. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu saurayen ba sa hutawa a bangon ɗaki inda aka yi feshi, a waje suke fakewa. A 1980 aka buga sakamakon a littafi mai ɗauke da sunan Garki, wanda Molineaux da Gramiccia suka rubuta, kuma masu nazarin wannan cuta a jami'o'in duniya suna komawa gare shi. Wato akwai ɗalibin likitanci a wata ƙasa mai nisa da ya san sunan garinmu, mu kuwa da muke shan ruwan garin, mu nawa ne muka taɓa jin labarin? Dattawan da aka ɗebi jininsu suna yara, wasunsu suna nan da rai a ƙauyuka. Wa ya je ya tambaye su abin da suka gani?

Sai dausayin Haɗeja da Nguru, a gabas da mu. Idan damina ta wuce, kogin Haɗeja da na Jama'are sukan bar ruwa kwance a fadamu masu faɗi. Daga nan har ƙarshen hunturu tsuntsaye sukan taso daga Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara, su sauka a nan saboda gudun sanyin ƙasarsu. Sai su haɗu da namu na gida, irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, akwai gandun da aka keɓe dominsu, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona a ɓangaren Yobe na wannan dausayi don ganin tsuntsayen. Mutumin da ya taso a gefen teku ya baro ta ya zo tsakiyar ƙasa. Mai son shiga kwalekwale, mai son kallon tsuntsu da madubin hangen nesa, mai son ganin yadda ake su da noman shinkafa da kiwo a fili ɗaya bisa ga lokutan shekara, duk zai sami abin da yake nema a can.

A kudu kuma ga Birnin Kudu. A jikin duwatsun garin, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi. Bernard Fagg, wani masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Abin mamaki shi ne wasu daga cikin shanun da aka zana ba su da tozo, alhali kuwa shanun da muke gani yau a hannun Fulani masu tozo ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibi mai tunani ya tambayi kansa, waɗanne irin mutane ne suka zauna nan, da waɗanne irin dabbobi? A nan ne kuma ake samun duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa.

Dutse, babban birnin jiharmu tun da aka ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991, sunanta ya bi ta. Ga manyan duwatsu na hawa, ga tsohuwar unguwar Garu inda tsohuwar fadar sarki take, ga itatuwan dabino da tashar binciken dabino. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a garin, kuma a 2014 aka buɗe filin jirgin sama. A arewa da mu ga kasuwar Maigatari a bakin iyakar Nijar, wadda take ci ranar Alhamis, inda ake hada-hadar raƙuma, shanu, dawaki da tumaki. Kada kuma mu manta da harshen da muke magana da shi. Ana koyar da Hausa a jami'o'i a Jamus, Poland da ƙasar Sin. Ɗalibin da ya koyi Hausa a aji, burinsa ya zauna inda zai ji ta a bakin masu ita, a kasuwa da gona da zaure. Wannan kuwa babu birnin bakin teku da zai fi mu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce labarin rashin tsaro a arewacin Nijeriya ya sa ƙasashe da yawa suna gargaɗin mutanensu game da zuwa, kuma baƙo daga nesa ba ya bambanta Jigawa da wata jiha. Za su ce masaukin baƙi ya yi ƙaranci a kusa da waɗannan wurare, kuma zafin bazara ba wasa ba ne. Wasu ma za su ce yawan baƙi yakan ɓata tarbiyya, ya mai da yara masu miƙa hannu. Duk na ji. Tsaro da hanya da masauki aikin hukuma ne, ɗalibin sakandare ba shi da ikon gyara su. Amma akwai abu ɗaya cikin huɗun nan da na lissafa wanda yake hannunmu, wato mutumin da ya san labarin wurin. Wanda ya san darajar abin da yake da shi ba ya roƙon baƙo, koya masa yake yi. Kuma tun kafin Bature ya zo, akwai baƙi na kusa: masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana daga kudu kowace shekara, ɗaliban jami'ar Dutse da suka zo daga wasu jihohi, da 'yan'uwanmu na Nijar. In ɗayansu ya tambaye ka ina zai je ranar hutu, me za ka ce masa?

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa yake malala a dausayin Haɗeja ya sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu ɓarnar hatsi. Ana sare itatuwa don itacen girki da gawayi. Zanen da ke jikin dutse kuwa, yaro ɗaya da gawayi ko ƙusa a hannu zai iya lalata abin da ya daɗe tun kafin kakannin kakanninmu. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma mai ɗakin da bai taɓa shiga ɗakin ba fa? Nan gaba daga cikinmu za a sami kansila, malamin gona, injiniyan ruwa, ko ɗan majalisa. Abin da mutum bai taɓa gani da idonsa ba, da wuya ya tsaya ya kare shi ranar da aka kawo takarda ya sa hannu.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Kafin a yi tunanin kai ɗalibai Yankari ko Legas, a fara da gida. A tsara yadda kowane ɗalibi, kafin ya gama aji shida, zai ga wurare uku: duwatsun Birnin Kudu, dausayin Baturiya, da Dutse ko kasuwar Maigatari. A yi tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da rana take da sauƙi kuma tsuntsaye suna nan. Kowace ɗaya tafiyar yini guda ce, a tashi da asuba a dawo kafin dare, kowa da guzurinsa, kuɗin mota kawai za a haɗa. A riƙa aika wa dagaci ko mai unguwa da ma'aikatan wurin tun da wuri, a shiga da sallama, a sa tufafi na mutunci, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Kada kuma tafiyar ta zama ta cin biskit da waƙa a mota kawai. Kowa ya riƙe littafin rubutu. Malamin labarin ƙasa ya sa a zana taswira, malamin ilimin halittu ya sa a rubuta sunayen tsuntsaye da itatuwa kamar yadda mutanen wurin suke kiransu, malamin Hausa ya sa a tattaro labari daga bakin dattawa. 'Yan aji biyar su ɗauki binciken sauro na Garki a matsayin aikinsu, su zaga ƙauyukan kusa su rubuta abin da tsofaffi suke tunawa tun suna nan. Daga abin da aka tara sai a fitar da ɗan ƙaramin littafin jagora, da Hausa da Turanci, a ajiye a laburare, kowane sabon aji ya ƙara nasa a kai. Cikin 'yan shekaru makarantarmu za ta mallaki abin da ba a sayarwa a kanti.

Ku kuma iyayenmu, in yaro ya kawo takardar neman izini da 'yan kuɗin mota, kada ku ɗauka yawon banza ne. Gani ya kori ji. Yini ɗaya a gaban zanen Birnin Kudu zai zauna a kan yaro fiye da shafi goma da ya haddace don jarrabawa.

Ku 'yan aji shida da kuke bankwana da mu bana, wasunku za su tafi jami'a a Legas, Fatakwal ko Kalaba, wasu ma su ƙetare teku. A can za a tambaye ku daga ina kuke, da abin da ke garinku. Ina fata ba za ku sunkuyar da kai ku ce babu komai sai rairayi da zafi ba. Ku ba su labarin tsuntsayen da ke ƙetare hamada su zo mana hunturu, da shanu marasa tozo a jikin dutse, da littafin da ke ɗauke da sunan Garki. Daga nan ku ce su zo su gani, ku kuma ku yi musu jagora. Allah ya kiyaye hanya, ya ba kowa sa'a.