Tsofaffin makaɗan Turawa da masoyansu: don tuwon gobe ake wanke tukunya

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwana ƴan kasuwa maza da mata, yau zan ɗan fitar da ku daga rumfa mu leƙa Ingila da Amurka. Kada wani ya ce mi ya haɗa mai saida atamfa a Maradi, ko mai awon gero a Kasuwar Dole ta Damagaram, da makaɗan Turawa. Ku yi haƙuri ku biyo ni. Maganar ciniki ce, kuma kun fi kowa saninta.

Akwai wani kiɗa da ake kira rok, na gita mai aiki da lantarki da ganguna, wanda ya cika duniya daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Manyan ƙungiyoyinsa su ne irin su Beatles, Rolling Stones, Led Zeppelin da Queen. Mu ma ya taɓa mu ta wani gefe, don Bombino, makaɗin gitar nan ɗan Agadas, yana yaro ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon hannunsu. Samari da ƴan matan da suka taka rawar wannan kiɗa can ƙasashen Turawa yau sun zama kakanni. In suka haɗu, hirar ba ta wuce guda: ranar wasa kaza ina wurin, kai fa?

Bari in kawo muku kaɗan daga ranakun da suke tunawa. Ranar 15 ga Agusta 1965, Beatles suka yi wasa a filin Shea na birnin Niyok gaban mutum dubu 55 da ɗari 6. Tikiti mafi tsada bai kai dala 6 ba, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ranar 5 ga Yuli 1969, Rolling Stones suka yi wasa kyauta a Hyde Park na Landan, kwana biyu bayan rasuwar abokinsu Brian Jones, mutum aƙalla dubu 250 suka hallara. A watan Agusta na wannan shekara aka yi taron Woodstock a wata gona ta jihar Niyok. Tikitin kwana uku dala 18 ne ga wanda ya saya tun da wuri, amma da jama'a suka kai wajen dubu 400, shinge ya kasa, aka bar kowa ya shiga. Sai kuma 13 ga Yuli 1985, ranar Live Aid, wasan da aka shirya don tara wa ƙasar Habasha kuɗin agajin yunwa, a daidai lokacin da mu ma farin 1984 ya ɗaiɗaita mu. Mutum dubu 72 suka cika filin Wembley, tikiti fam 25. Queen ta yi wajen minti 20 kawai a kan dandamali, amma har yau masoya da yawa na cewa ba a taɓa wasa irinsa ba.

To, ku lura da wani abu. A filin Shea, ihun ƴan mata ya danne kiɗan, har su kansu makaɗan ba su jin abin da suke bugawa. A Woodstock ruwan sama ya sauka, wuri ya zama caɓi, abinci ya yanke. Da daɗin sauti ake tunawa, da tuni an manta da waɗannan ranaku. Abin da ya zauna a zuciyar mutanen shi ne suna yara, aljihu babu nauyi, amma suka samu shiga. Ɗan makaranta da leburan kamfani sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan mai kuɗi. Waɗannan yaran ne suka sayi faifai, suka sayi kaset, suka sake sayen waƙoƙin a CD, suka koya wa ƴaƴansu son su. Su suka yi wa makaɗan suna, kuma sunan nan shi ne jarin.

Yanzu mu ga yadda aka saka musu. A 2013 Rolling Stones suka koma Hyde Park ɗin nan da suka yi wasan kyauta, wannan karon sai da tikiti mai tsada. A 2022, da aka fitar da tikitin wasannin Bruce Springsteen, mawaƙin da ya yi suna da waƙar talaka da ma'aikacin masana'anta, wasu kujerun sun haura dala dubu 4, sama da sefa miliyon biyu da rabi a canjin lokacin. Dalili shi ne wani tsari da na'ura ke ɗaga kuɗi gwargwadon yawan masu nema. Wata mujalla mai suna Backstreets, wadda masoyansa suka riƙa bugawa shekara 43, ta rufe a 2023, kuma masu ita sun ambaci ɓacin ran tikitin nan cikin dalilansu.

A watan Agusta 2024 kuma, ƙungiyar Oasis ta Ingila, wadda ta watse a 2009, ta ce za ta dawo. Mutane suka kwashe awoyi cikin layin intanet. Da wasu suka iso gaba, tikitin tsayuwa da suka sani wajen fam 150 sai suka tarar da shi fam 355, wato daga kusan jika 115 zuwa sama da jika 270. Hukumar Ingila mai sa ido kan gasar kasuwanci ta yi bincike, ta gano cewa farashi biyu aka sa wa wurin tsayuwa ɗaya, aka fara saida mai araha, ba a faɗa wa masu saye ba. A 2025 kamfanin Ticketmaster ya ɗauki alkawarin sanar da jama'a irin wannan tsari awa 24 kafin a buɗe ciniki.

Na san abin da wani Alhaji zai ce mini: kasuwa ce, kaya in ya yi ƙaranci dole ya yi tsada. Akwai gaskiya a ciki. Faifai ba ya kawo kuɗi kamar da, tun da mutane suka koma saurare ta waya. Ɗaukar kayan wasa daga gari zuwa gari da biyan ɗaruruwan ma'aikata ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Kuma in mawaƙi ya saida da araha, ƴan baranda ne za su kwashe su sake saidawa ninki biyar, ribar ta tafi aljihun wanda bai buga ko ganga ba. Springsteen da kansa irin wannan hujja ya bayar.

Amma ni ban gamsu ba, saboda akwai waɗanda suka fuskanci wannan matsala suka bi wata hanya. A 1981 kamfanin Tom Petty ya so ya ƙara dala ɗaya kan sabon faifansa, daga 8.98 zuwa 9.98. Ya ƙi, ya tsaya tsayin daka har kamfanin ya janye. Ranar 10 ga Disamba 2007, da Led Zeppelin suka sake haɗuwa dare ɗaya a Landan, an samu buƙata miliyon 20 kan kujeru wajen dubu 20. Da sun ga dama da sun yanka kuɗin da suke so. Sai aka sa fam 125, aka yi ƙuri'a, kuɗin kuma suka tafi asusun tallafa wa ɗalibai. A 2023 Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi tsarin ɗaga farashi, ya saida wasu tikiti dala 20, ya toshe wa ƴan baranda hanya gwargwadon iko. Da ya ga kuɗin hidima da aka ɗora wa wasu ya fi na tikitin kansa, ya yi magana a fili har aka mayar wa mutane dala 10, wasu dala 5. Wasanninsa sun cika, kuma bai koma gida da asara ba. Ashe dai zaɓi ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauya kuɗi bayan mutum ya shiga layi. Hajiya, ke da kike saida kayan miya, a ce mace ta zo kin faɗa mata kuɗin tiya, ta tsaya tana jira ki sallami na gabanta, da ta iso sai ki ce ya ninka don kin ga mutane sun taru. Ƙila ta saya ranar, don baƙi na gida kuma tukunya na bisa wuta. Gobe fa? Za ta wuce rumfarki ta kau da kai, kuma sai duk unguwa ta ji. Mu da muka tashi cikin kasuwa mun san dalilin gyara, mun san dalilin da ya sa ake ɗaga wa tsohon abokin ciniki ƙafa in bashi ya yi masa nauyi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Su tsofaffin makaɗan nan ƙila suna ganin gobensu ba ta da tsawo. Mick Jagger da Keith Richards na Rolling Stones duka a 1943 aka haife su. Mai shirin rufe shago yana iya tatsar mai saye son ransa. Sai dai abin da zai bari a baya shi ne labarin da za a riƙa bayarwa a kansa. Wanda ya shiga Hyde Park kyauta a 1969 ya yi shekara 50 yana tallata Rolling Stones ba a biya shi ko sisi ba. Yaron da aka kora da tsada yau, wa zai tallata wa jikokinsa?

Mu kuwa shagonmu ba na rufewa ba ne, ƴaƴanmu za su gaje shi tare da sunan da muka bari. Azumi na zuwa kowace shekara, salla na zuwa, lokacin da rumbu ke ƙarewa kafin kaka shi ma yana zuwa, kuma kowane ɗan kasuwa ya san yadda zuciya ke raya masa a irin waɗannan ranaku. A ci riba, ba wanda ya hana. Amma a faɗi kuɗi ɗaya a tsaya a kansa, kuma a tuna da wanda ya saya wurinka tun kana kasa kaya bisa tabarma. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.