Matasan Arewa, Ga Aikin Asibitin da Muka Bar wa Wasu

Jama'a, mu leƙa gidajenmu. Wace unguwa ce babu dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye? Likita ya yi nasa, an sallamo shi, 'yan dubiya sun kawo lemo da ayaba sun watse. Sai ga magidancin da ya ci da gida shekara da shekaru ya koma jiran mai sa masa riga, mai kai shi bayi, mai zuba masa ruwan alwala. Mu kuwa iyakarmu "Allah ya ƙara sauƙi", mu sa takalmi mu tafi.

Alhali akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu ke nan: maido wa majinyaci harkokinsa na yau da kullum. Kowa ya san sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi har ƙafa ta taka ƙasa. Waɗannan kuwa abin da ya dame su shi ne me mutum zai yi da hannun da ƙafar idan ya koma gida. Babban jami'i mai digiri shi ke duba majinyaci ya tsara abin da za a yi. Mataimakinsa shi ke zama da mutum yau da gobe har abin ya zauna. Shi zai koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ya fara zura hannun da ya mutu cikin riga, mai lafiyar ya biyo baya. Shi zai ƙara wa mariƙin cokali kauri don yatsun da ba sa damƙa, ya san yadda za a kafa kujera a kan masai don wanda tsuguno ya gagara. Yaron da doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, shi zai nuna wa uwarsa yadda za ta zaunar da shi ta ba shi koko ba tare da ya shaƙe ba. Har a asibitin masu taɓin hankali, shi ke jan wanda ya fara samun sauƙi zuwa wanka, sallah a kan lokaci da sana'ar hannu.

To, ina namu a cikin wannan aiki? Hanyar a buɗe take. Tun 1988 aka kafa hukumar MRTB, mai yi wa ma'aikatan wannan fanni da na gashi rajista da ba su lasisi. Akwai makarantar gwamnatin tarayya a Oshodi, ƙarƙashin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a Legas, wadda ke yaye mataimaka da difloma. Mai son digiri kuma ga Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Guzurin shi ne wanda ɗaliban kimiyya suka sani: kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kai da ka rubuta JAMB sau biyu kana neman likitanci bai samu ba, ke da aka ce miki gurbin koyon jinya ya cika, wa ya ce ƙofar asibiti biyu ce kawai?

Kada kuma a ce ina za a yi aikin. Asibitin ƙashi na Dala yana nan, kullum ana kai masa waɗanda babur da mota suka karya. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kware da Maiduguri. Ga Borno da Yobe, inda yaƙi ya bar mutane ba hannu ba ƙafa. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu, da yawa sun manyanta, kafaɗunsu sun fara gajiya da sanda.

Babban dalilin da ya sa nake kiran namu shi ne aikin nan ba ya yiwuwa ta bakin tafinta. Sai wanda ya san zaman tahiya zai gane abin da ke damun tsohon da gwiwarsa ta ƙi lanƙwasa. Sai wadda ta san ɗaurin zani da tuƙin tuwo za ta iya koya wa mace yin su da hannu ɗaya. Kuma kun san iyayenmu mata: abin da za su ɓoye wa namiji baƙo, za su faɗa wa 'yar da ta durƙusa ta ce "Hajiya, ina ke miki ciwo?" Iyaye, ku bar 'ya'yanku mata su shiga wannan karatu.

Ku kuma gwamnoninmu da 'yan majalisa, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannu tun Janairun 2019. Takarda ba ta koya wa kowa riƙe cokali. Ku ware tallafin karatu ku tura yaranmu Oshodi da Ife. Ku nemi amincewar MRTB a buɗe kwas ɗin a kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohinmu, ku kuma samar musu da gurabe a manyan asibitoci kafin su dawo, don kada mu horar da su wasu su ɗauke. Shugabannin makarantun sakandare, ku tara 'yan ajin ƙarshe ku faɗa musu wannan fanni kafin a buɗe sayar da fom na bana.